Faɗuwar gaba ta hana ni sakat, likita kuma ya ce lafiyata ƙalau

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, shekarata 32, ina da mata da 'ya'ya biyu. Kusan shekara uku ke nan ina fama da faɗuwar gaba. Abin ya faro ne wata Juma'a ina tsakiyar sahu, kawai na ji zuciyata na dukan uku-uku, numfashi ya sarƙe, gumi ya karyo min, na ɗauka tawa ta ƙare. Na je asibiti, an yi min gwajin zuciya da na jini, an ce babu komai. Yanzu ko waya ta yi ƙara sai gabana ya yanke ya faɗi. Na daina shiga cikin masallacin Juma'a, a bakin titi nake shimfiɗa dardumata. Na daina zuwa Legas saro kaya, yarona nake turawa. Na sayi na'urar awon jini, ba na iya ƙirga sau nawa nake aunawa a rana. Da dare ba na runtsawa sai na sha wata ƙwaya da wani mai kemis ke ba ni. A gida wasu sun ce sammu ne, wasu sun ce iska ce, an yi min ruƙiyya. Wani abokina ya ce raunin imani ne. Ba na son a gan ni a asibitin mahaukata. Don Allah akwai abin da zan iya yi da kaina?

Wani ɗan'uwa daga Kano

Wa alaikumus salam, ƙanina. Allah Ya yaye maka. Akwai abin da za ka iya yi da kanka, kuma mafi yawan aikin ma a hannunka yake. Sai dai zan fara da maganar da ba lallai ta yi maka daɗi ba. Tsayuwa a bakin titi ranar Juma'a, tura yaro Legas, da na'urar nan da ka saya, duk ka ɗauko su ne don ka tsira daga ciwon, amma su ne suka riƙe shi a jikinka har shekara uku.

Likitan da ya ce babu komai bai yi maka ƙarya ba, maganar ce bai ƙarasa ba. Zuciyarka lafiya take, abin da ka ji a masallaci kuma ba ƙirƙira ka yi ba. Allah Ya halicci jikin ɗan Adam da shirin ko-ta-kwana. Da zarar ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, sai wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda su saki sinadarin adirenalin cikin jini. Nan take zuciya ta ƙara gudu don ta kai jini ƙafafu da hannaye, numfashi ya ƙaru, baki ya bushe, ciki ya murɗa, gumi ya karyo. Da a ce ɓarawo ne ya diro gidanka, wannan shirin ne zai ba ka ƙarfin da ba ka san kana da shi ba. Matsalar mai irin ciwonka ita ce shirin yana tashi ba tare da ɓarawo ba, kamar ƙararrawar motar nan da ko akuya ce ta goge ta sai ta cika unguwa da kuka. Gajiya, rashin barci, bashi, rasuwa a dangi, ko dogon zullumin kasuwa, kowanne na iya sa ta zama mai saurin tashi haka.

Ga kuma inda abin yake ɗaure mutum. Idan ka ji bugun zuciya ka ce a ranka "shi ke nan, mutuwa ce", ƙwaƙwalwa za ta ɗauki wannan a matsayin sabon haɗari, ta ƙara sakin sinadarin. Ka shiga haki, ka fitar da iskar kabon dayoksaid fiye da kima, sai jiri ya zo, yatsu da leɓe su yi tsamtsam, ka ƙara gaskata cewa wani abu ya lalace. Irin wannan tashin yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti 10, sannan ya soma sauka da kansa, domin jiki ba ya iya riƙe shi a sama. Yana da muni matuƙa, amma ga wanda aka gwada zuciyarsa aka same ta lafiya, ba ya kisa kuma ba ya haukatarwa. Ba kai kaɗai ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da cututtukan fargaba, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani. Ina da yaƙinin a layinku na kasuwa akwai mai irin naka, shi ma ya yi shiru don kada a ce.

Yanzu mu koma bakin titin nan. Ranar da ka fara shimfiɗa darduma a waje, ka ji sauƙi, ko ba haka ba? Wannan sauƙin shi ne tarkon. Ƙwaƙwalwarka ta rubuta cewa "mun tsira ne saboda ba mu shiga ba", don haka Juma'a mai zuwa tsoron ƙofar masallaci ya fi na baya. Ba ka taɓa ba ta damar ganin cewa da ka shiga ma da ba abin da zai same ka ba. Haka duniyar mai fargaba ke ta ƙanƙancewa: yau masallaci, gobe doguwar tafiya, jibi ɗaurin aure, wata rana har shagon kansa ya gagara zama.

Maganin shi ne komawa, amma da tsani, ba da tsalle ba. Kada ka ce Juma'ar nan za ka kutsa sahun farko don ka nuna kai namiji ne. Idan abin ya fi ƙarfinka ka fito a guje, ka koma baya. Fara da masallacin unguwarku, sallar Azahar ko La'asar, ka tsaya a tsakiyar sahu inda fita ba ta da sauƙi. Gabanka zai faɗi, ka sa ran haka tun daga gida. Idan ya faɗi, kada ka yi kokawa da shi. Ka saki kafaɗunka, ka saki haƙoranka da ka datse, ka ce a ranka "ga shi nan ya zo, na san shi, bari ya yi ya gama", ka ci gaba da bin liman. Bayan sallama kada ka miƙe da sauri, zauna ka yi tasbihinka har ka ji tsoron ya ragu ko da rabi ne. Ka maimaita wannan kullum, ba sau ɗaya a mako ba, har ya zama ya gundure ka. Sannan ka ɗaga mataki: Juma'a a cikin harabar masallaci, ta gaba a sahun ƙarshe daf da ƙofa, ta gaba sahu uku ciki, a haka har ka koma inda abin ya fara samunka. Wata likita 'yar ƙasar Ostireliya, Claire Weekes, tun a shekarun 1960 take koyar da masu wannan ciwo abu huɗu: su fuskance shi, su karɓe shi, su bar shi ya ratsa su ba tare da turjiya ba, sannan su ba lokaci haƙƙinsa. Na huɗun ne ya fi ba mutane wuya, domin kowa so yake a mako guda a ce an gama.

Ka kula da 'yan dabarun ɓoye. Robar ruwa a hannu "saboda ko-ta-kwana", ƙwaya a aljihun gaba, dafe ƙirji, leƙa ƙofa, tafiya da aboki. Idan ka shiga masallaci da su ka fito lafiya, su za ka gode wa, ba za ka yarda jikinka ne ya iya ba. A hankali ka riƙa barin su a gida ɗaya bayan ɗaya.

Batun Legas yana buƙatar adalci, domin hanyoyinmu ba duka ne lafiya ba, kuma taka-tsantsan ba ciwo ba ne. Ma'aunin da zan ba ka shi ne abokan sana'arka masu hankali. Idan suna bin hanya a wani lokaci, kai kaɗai ne ka kasa, to fargaba ce ke magana. Idan su ma sun kauce mata, bi sahunsu. Nan ma tsani za ka yi: Wudil ka dawo, Zariya ka dawo, Kaduna ka kwana ɗaya.

Na'urar awon jini kuwa, miƙa wa maiɗakinka ta kulle a akwati. Jini yana hawa na ɗan lokaci duk sa'ad da mutum ya tsorata, kai kuma ba ka ɗauko ta sai ka tsorata, don haka kusan kullum za ta nuna maka abin da kake gudu. Idan likita ya ce ka riƙa aunawa, ya faɗa maka ranaku da lokaci, ka tsaya a kansu. Haka ma binciken alamomin ciwo a intanet da tsakar dare. Wanda ya rubuta "bugun zuciya" a waya ƙarfe biyun dare, ba zai ajiye ta ba sai ya gano wa kansa cuta uku.

Akwai atisayen numfashi da ke taimakawa, amma mutane kan yi masa gurguwar fahimta. Sukan ce "ja dogon numfashi", mai fargaba kuwa ya riga ya ja fiye da kima. Abin da kake buƙata shi ne fitarwa a hankali. Zauna, ɗora hannu a kan cibiya, shaƙa ta hanci kana ƙirga huɗu har ka ji ciki ya ɗaga hannun, sannan ka saki ta baki kana ƙirga shida. Minti biyar bayan Asuba, minti biyar kafin kwanciya, kuma lokacin da kake cikin natsuwa, don jiki ya saba. Wanda bai taɓa gwadawa ba sai ranar da abin ya taso, ba zai ga amfaninsa ba.

Sai zullumin da ke bin ka wuni guda, irin na "idan kaya suka maƙale fa", "idan yaron nan ya kwanta ciwo fa", "wannan kiran ko rasuwa aka yi". Ce wa kanka "daina tunani" ba ya aiki, ka riga ka gwada. Abin da ya fi shi ne ka yanka wa tunanin lokaci. Sayi ƙaramin littafi irin na rubuta bashi. Duk sa'ad da wata damuwa ta faɗo, rubuta ta a layi ɗaya, ka ce mata sai bayan La'asar, ka koma kan mai sayen da ke gabanka. Bayan La'asar ka zauna minti 20, ba a kan gado ba, ka bi su ɗaya-ɗaya. Wadda ke da abin yi, kamar kuɗin makarantar yara ko bashin da wa'adinsa ya matso, rubuta matakin farko da ranar da za ka ɗauke shi. Wadda ba ta da abin yi, ka bar wa Mai ita. A gefen kowacce ka bar gurbi, bayan mako biyu ka dawo ka rubuta ko ta faru. Masana a jami'ar jihar Pensilbaniya ta Amurka sun sa wasu masu ciwon yawan zullumi sun yi irin wannan rubutu, aka samu sama da kashi 90 cikin 100 na abubuwan da suka yi zullumi a kai ba su auku ba. Mutanen da aka gwada ba su da yawa, don haka ba na so ka dogara da lissafinsu. Naka littafin ne zai fi gamsar da kai, tunda kai ɗan kasuwa ne, ka san ba a musu da abin da aka rubuta.

Wannan ba sabon ilimi ba ne a wurin Musulmi. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya yi rubutu a kan tsoro da baƙin ciki da waswasi a matsayin cututtukan da ake yi wa magani kamar na jiki. Cikin shawararsa akwai cewa mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana cikin natsuwa, yadda ake ajiye magani a gida kafin ciwo ya zo. Kai ma a shafin farko na littafin nan ka rubuta jimla biyu ko uku da hannunka: an gwada zuciyata lafiya take, wannan abu ya zo mini ba adadi kuma kullum yana wucewa. Ranar da hankali ya tashi ba za ka iya ƙirƙiro su ba, amma za ka iya karantawa.

Ba ka faɗi abin da kake sha a kasuwa ba, amma na san zaman shago. Shayi mai kauri da safe, kofi a wurin mai shayi, goro a baki, da rana a kora da lemon gwangwanin nan na ƙarin kuzari. Duka suna ɗauke da sinadarin kafeyin, wanda ke sa bugun zuciya da rawar hannu, wato ainihin alamomin da kake tsoro. Kusan awa biyar yake ɗauka kafin rabinsa ya bar jiki, don haka na yamma yana nan tare da kai a kan gado. Rage shi a hankali cikin mako biyu, don yankewa lokaci guda na kawo ciwon kai, kuma bayan Azahar kada ka sake taɓawa. Ka ƙara da tafiyar ƙafa mai ɗan sauri, minti 30, kwana biyar a mako. Tana ƙone abin da ya taru a jiki, tana kuma koya maka cewa zuciya na iya gudu ba tare da an mutu ba. Bidiyoyin gawarwaki da hare-hare da ake turowa a zaurukan WhatsApp, ka daina buɗe su, musamman da dare. Jin labarai sau ɗaya a rediyo ya ishe ka sanin halin da ƙasa ke ciki.

Ƙwayar mai kemis ita ce wurin da ba zan bar ka kai kaɗai ba. Sau da yawa abin da ake bayarwa a irin wannan hali dangin ƙwayar Valium ne. Suna kwantar da hankali cikin ɗan lokaci, amma a 'yan makonni jiki yake sabawa, ya nemi ƙari, kuma idan ƙarfinsu ya sauka fargabar kan dawo fiye da da. Kada ka ƙara yawanta, kuma kada ka yanke ta dare ɗaya, domin ga wanda ya daɗe yana sha hakan na iya kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Ɗauki kwalin ko takardar ƙwayar ka kai wa likita, ka faɗa masa gaskiyar tsawon lokacin da ka yi kana sha, shi zai tsara maka yadda za a rage ta sannu a hankali. Tun da ka je, roƙe shi ya duba maka halittar maƙogwaron nan da ke kumbura ta zama maƙoƙo, idan ba a duba ba a baya, domin idan tana aiki fiye da kima takan kawo bugun zuciya da gumi da rama, a ɗauka fargaba ce. Ƙarancin jini ma haka.

Abokinka da ya ce raunin imani ne, na san da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma ya ɗora maka kaya a kan kaya. Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ji tsoro a ransa ranar da ya fuskanci matsafan Fir'auna, aka ce masa kada ka ji tsoro. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana yawaita neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, kamar yadda ya zo a Bukhari daga Anas. Riƙe wannan addu'a safe da yamma, riƙe azkar ɗinka. Addu'a da asibiti ba sa karo da juna, ba wanda ke ce wa mai ciwon suga ya zaɓi ɗaya. Wanda zan ce ka guje shi ne duk mai karɓar kuɗinka yana nuna maka wani a dangi ko a kasuwa ya ce shi ya yi maka. Mai fargaba da aka ba shi abokin gaba, an ƙara masa abin tsoro ne har cikin gidansu.

Kalmar nan "asibitin mahaukata" ta hana dubban mutane samun sauƙi. Je ka zauna a layin sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Dawanau, ko na Barnawa a Kaduna, za ka ga malaman makaranta da 'yan kasuwa da matan aure, kowa da katinsa, a duba shi ya koma harkarsa. Idan ma kunyar ta yi yawa, fara da likitan da ke duba kowa da kowa, ka ce masa a fili "ina zaton ciwon fargaba ne", shi zai san inda zai tura ka. Ka ba abubuwan da na lissafa wata biyu kana yi da gaske. Idan ba ka ga motsi ba, akwai jinya ta hanyar tattaunawa da ƙwararre, wadda ke bin irin wannan tsari amma da mai riƙe maka hannu, akwai kuma magungunan da ba sa kama mutum irin kamun waccan ƙwayar, sai dai sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin a ji aikinsu. Abu biyu ne ba sa jiran wata biyu. Ciwon ƙirji mai danna mutum idan yana tafiya ko hawa bene, ko mai sauka hannu ko muƙamuƙi, ko suma, wannan asibiti ne a take. Haka idan ka fara jin rayuwa ta ishe ka har kana tunanin cutar da kanka, a ranar za ka faɗa wa wani na kusa ku tafi tare.

Ka zaunar da maiɗakinka ka karanta mata wannan amsa, domin shekara uku tana kallon ka ba ta san me za ta yi ba, wataƙila ma tana zargin kanta. Ku yi yarjejeniya: idan abin ya taso ka tambaye ta "anya lafiya nake kuwa?", ta amsa sau ɗaya, idan ka sake tambaya ta ce "mun riga mun yi wannan", ta zauna kusa da kai har ya wuce. Za ka ji haushinta a ranakun farko, ka yi mata uzuri tun yanzu. Kuma ka sani, bayan ka samu sauƙi akwai ranar da zai dawo, galibi bayan rashin barci ko zazzaɓi ko wata asara a kasuwa. Ba komawa farko ba ne. Idan ya same ka a masallaci, sallar da ke biye ka koma wannan sahun, kada ka bari kwana ya shiga tsakani.

Ka rubuto mini bayan wata biyu in ji matakin da ka kai, da abin da likita ya ce game da ƙwayar. Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa albarka a kasuwa, a gaida iyali.